Shari'ar Farin Rago a Ɗakin Karatu

Litinin, 7 ga Yuli

An ɗauke mini kujera.

Shekara shida ina zama a kanta, tun da na aje aiki. Kujerar jikin taga, ƙarƙashin fankar da ba ta kuka. Yau na shiga ɗakin karatu ƙarfe tara daidai, na tarar an ture ta can lungun ƙamus, an shimfiɗa tabarmi uku a wurinta. Na tambayi Malama Shiru, mai kula da wurin. Ni na raɗa mata sunan, don kalmar da ta fi fita daga bakinta ke nan. Ta ce, "Inna, ai mun liƙa sanarwa a ƙofa tun makon jiya. Karatun hutu ne na yara, sati bakwai." Na ce na gani. Ban gani ba. Na dai ga wani abu ruwan ɗorawa a jikin ƙofar, na ɗauka sabon fenti ne.

A nan kaɗai zan faɗa. Haruffa sun fara guje mini tun bara. Jarida ta koma kamar an watsa tururuwa a faranti. Ina riƙe ta, ina juya shafi jefi-jefi, ina gyaɗa kai. Wannan rubutun ma da alƙalami mai kaurin baki nake yin sa, layi biyar shafi ya cika. Idan ɗana ya sani, fita ta ƙare. Zai ce, "Inna, titi biyu fa kike tsallakawa," ya dasa ni a falo ni da talabijin. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina buga tafireta a kotu, alƙalai bakwai suka zo suka tafi ina nan.

Talata, 8 ga Yuli

Yara arba'in da biyu. Mai gadi ne ya ƙirga takalman bakin ƙofa ya raba biyu.

Wani yaro ya tambaye ni ko ni ma a nan ake ajiye ni idan an tashi.

Alhamis, 10 ga Yuli

Akwai wani tsohon ma'aikacin gidan waya da muka daɗe muna zama a ɗakin nan, kowa da lungunsa. Janareta nake kiran sa a raina, saboda ƙarfe goma yake kunna minshari ba ya kashewa sai sha biyu. Shekara shida gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yau yara sun yi abin da ba wanda ya taɓa iyawa: sun tashe shi. Ya zo ya tsaya a kaina, ido jajur, ya ce, "Baiwar Allah, sai mun rubuta koke. An ce ke ma'aikaciyar kotu ce, ki rubuta, ni zan faɗa."

Ya fara da "Mu manyan masu karatu na wannan ɗaki." Na so in tambaye shi yaushe rabonsa da ya wuce shafin farko na wani abu, na dai ci gaba da rubutu. Da na gama ya karɓa ya duba, ya ce, "Wannan koke ne ko allon shago?" Na ce haka ake yi a kotu don kada alƙali ya ce bai gani ba.

Sa hannu biyu muka samu, nawa da nasa. Malama Shiru ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Da yamma na ji wata yarinya tana murna wai ta samu takarda mai manyan haruffa tana cike su da kala.

Asabar, 12 ga Yuli

Na zuba gishiri a shayi. Matar ɗana tana kallo, sai na shanye tas, na ce likita ne ya ce.

Litinin, 14 ga Yuli

Malamar da ke karanta wa yaran labari ta haihu jiya, 'yan biyu. Malama Shiru ta zo ta durƙusa gefen kujerata kamar mai neman gafara. "Inna, ki taimake ni. Ke ce kullum da takarda a hannu." Na ce ni ba na harka da yara. Ta ce za ta maido mini da kujerata ƙarƙashin fanka, a kanta ma zan zauna in karanta. Kafin in gama tunani an sa ni a tsakiya, an ɗora mini littafi a cinya, kawuna arba'in da biyu sun kewaye ni suna warin rana.

Na buɗe. Tururuwa. A bangon littafin dai na hango wani abu fari, mai ƙiba, da gajerun ƙafafu. Na ce a raina, rago ne. Sai na tuna wata shari'a da na taɓa bugawa ina sabuwar aiki, ta wani rago da ya shiga ofishin magatakarda ya cinye takardar shaidar gona. Na gyara murya, na fara. Na sa an gurfanar da ragon, na ba shi lauya, na sa jaki ya zama shaida yana ta canza magana. Ina yi ina juya shafi. Ɗakin ya yi tsit, har kukan fankar can nesa nake ji. Malama Shiru ba ta ce "shiru" ko sau ɗaya ba.

Sai wani hannu ya ɗaga daga baya. Muryar yarinya, siririya, ba tsoro a cikinta. "Kaka, ba haka aka rubuta ba."

Na ce, "Wa ya ba ki izinin magana a kotu?"

Yara suka fashe da dariya, ta zauna. Na ɗage shari'a zuwa Alhamis.

Da suka watse na tambayi mai gadi, cikin dabara, yadda ya ga hoton bangon. Ya ce, "Ai haƙorin ya yi kyau, Inna, har da murmushi." Littafin wanke baki ne.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na yi niyyar ƙin zuwa. Na je.

Jaki ya amsa cewa ragon surukinsa ne. Kotu ta hargitse. Yarinyar nan ta ɗaga hannu sau huɗu, yanzu har ta koyi cewa "Ina da ja." Shekararta goma, 'yar mai kemis ɗin bakin titi ce. Na sa mata suna Lauya. Ni da na ga lauyoyi iri-iri, ban taɓa ganin mai naci irin nata ba.

Litinin, 21 ga Yuli

Littafin haƙori ya yi kasuwa. Malama Shiru ta ce shekara tara yana kan kanta ba wanda ya taɓa aro, yanzu mutum goma sha tara ke layi. Ta ce da ni, "Inna, yadda kike fassara shi daban ne," ta tsaya kamar za ta ƙara wani abu, sai ta wuce.

Janareta ya daina barci ranakun shari'a. Yana zama a baya, ya rufe fuska da jarida, amma da jaki ya yi rantsuwar ƙarya na ji ya ce, "Munafuki!"

Alhamis, 24 ga Yuli

Yau ban yi dariya ba.

Bayan an tashi na ji motsi a ƙarƙashin babban tebur. Wata 'yar mitsitsiya ce, 'yar mai facin tayar da ke kusa da tasha, shekara bakwai. Kwana tara tana jiran littafin, yau ya zo hannunta. Ina jin ta tana haɗawa a hankali: "Ha... ƙo... ri." Ta sake. Ta sake. Sai ta rarrafo ta dafa gwiwata, hannunta duk gumi.

"Kaka, ni dai ba ni da kai. Na duba ko'ina ban ga ragon ba. Duk inda na haɗa sai ya fito haƙori. Sauran sun ce su sun gani."

Ta ce babanta ya ce in hutu ya ƙare ba ta iya karatu ba, sai ta maimaita aji, ƙanenta ya tarar da ita. Ta ce ta ɗauka ta iya, ashe ba ta iya ba.

Na ce ta je gida, gobe ma rana ce. Abin da na iya faɗa ke nan. Na dawo ban ci abincin rana ba, matar ɗana ta tambaya ko jikin ne, na ce zafi ne.

Juma'a, 25 ga Yuli

Lauya ta tare ni a lungun ƙamus, ba kowa.

"Kaka, tambaya ɗaya. Ko dai ba ki iya karatu ba, ko ba kya gani."

Na ce, "Ke, na iya karatu tun uwarki ba ta yi haƙori ba."

Ta ce, "To, ba kya gani ke nan."

 Shekara talatin da ɗaya ina kallon ana yi wa mutane wannan tarkon, ina tausayin wautarsu.

Ta ce ba za ta faɗa wa kowa ba, amma 'Yar Mai Faci ta ce ba za ta ƙara zuwa ba. Ta faɗi haka ta tsaya tana jira. Ban san wa ya yi renon yarinyar nan ba.

Litinin, 28 ga Yuli

Na sa Lauya ta je har tasha ta taho da 'Yar Mai Faci. Da kowa ya zauna na ɗaga littafin sama na ce, "Wannan littafin haƙori ne. Babu rago a ciki, ko ƙofato ɗaya. Ni na ƙirƙira, don idona ba ya ganin rubutu. Duk wanda ya ce ya ga rago, ƙarya ya yi, irin tawa. Mutum ɗaya ce ta karanta daidai."

Na zaci za a yi shiru na girmamawa. Ina! Wani ya miƙe ya ce, "Kaka, yatsu nawa ne wannan?" Nan take hannu arba'in suka taso mini a fuska.

'Yar Mai Faci ta matso. "Ashe haƙorin ne da gaske?" Na ce shi ne. Ta ce, "To na fi ki iyawa ke nan." Na ce a yanzu dai haka ne.

Sai wani ya tambaya, to ina littafin ragon yake? Na ce babu shi a duniya. Nan aka yi tawaye. Malama Shiru ta ce "shiru" sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Daga baya ta raɗa mini cewa ta sani tun watan uku, ranar da na yini ina karanta jarida a kife. Kunya ta hana ta faɗa. Ni kuma kunya ta kusa kashe ni da ta faɗa.

Janareta ne ya kashe wutar. Ya sauke jarida ya ce, "Ai akwai tsohuwar tafireta a sito. Mai bugu na gaskiya ba ya kallon yatsunsa."

Laraba, 30 ga Yuli

An fito da ita, ƙura har wuya, gidan gizo-gizo tsakanin haruffa. Mai gadi ya ɗiga mata man keke. Ribon ɗin, wato ƙyallen tawadar, ya bushe ƙayau, amma Malama Shiru ta tono kwalin takardar kabon, muka ɗora a kan farar takarda, ya fito shuɗi-shuɗi.

Na ɗora yatsuna. Ban san yadda zan rubuta wannan ba. Kamar na haɗu da tsohuwar ƙawa a tasha. Na rufe ido ma gaba ɗaya, na kama bugu, ƙararrawar ƙarshen layi tana ƙara, yara suna tafi duk lokacin da ta buga. Shafi guda cur ban tsaya ba. Na zare shi da taƙama na miƙa wa Lauya na ce ta karanta wa jama'a.

Ta duba, ta juya shi, ta sake dubawa. "Kaka, wane yare ne wannan?"

Ashe hannuna ya goce da harafi ɗaya tun daga farko. Ta dage sai ta karanta shi haka nan, da ƙarfi, har ƙarshe. Wani yaro ya yi dariya har sai da aka fita da shi. Janareta ya roƙi shafin, wai zai ajiye.

Litinin, 4 ga Agusta

Shafi goma sha ɗaya. An raba aiki. Tafiretar ba ta da haruffa masu ƙugiya, don haka 'Yar Mai Faci ce ke bin layi-layi da biro tana sa musu. Dole ta karanta kowace kalma kafin ta san inda za ta sa. Ba ni na tsara haka ba, Malama Shiru ce. Matar nan shirunta ba na banza ba ne.

Masu zane sun kasu biyu, ana rigima kan ko rago zai sa tabarau a kotu.

Laraba, 6 ga Agusta

Sirrin da mutum arba'in da biyu suka sani. Me nake tsammani?

An tashi, na fito zan tsallaka titi, sai na ji an kama ni hannu bibbiyu, wasu sun riƙe mayafi, wasu sun shiga gaba suna ɗaga wa motoci hannu. Wani mai murya kamar lasifika yana ihu, "Ku ba Kaka hanya! Ba ta gani!" Har masu shaguna suka fito.

Motar farko da ta tsaya, ta ɗana ce.

Alhamis, 7 ga Agusta

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna a bakin kujera ya ce, "Inna, tun yaushe?" Na ce kwanan nan. Matarsa ta ce, "Tun bara." Ashe ita ce ta canza wa sukari gwangwani bayan ranar gishirin, ta sa shi a mai murfin zare, ta kuma kwashe ƙananan kujeru daga hanya. Ba ta faɗa masa ba don ta san halinsa. Na yi shekara goma sha biyu ina ganin yarinyar nan ba ta da wayo.

Ya ce, "Duk unguwa sun sani sai ni." Muryarsa ta yi wani iri, irin ta lokacin da yana ƙarami in an tafi an bar shi. Daga nan ya yanke hukunci: babu fita sai an ga likita.

Talata, 12 ga Agusta

Yanar ido ce, duka biyun. Likita ya ce cirewa ake yi, ba wani abu ba ne, farkon watan gobe za a fara da na dama. Ya tambaya me ya sa ban zo da wuri ba. Na ce ayyuka.

Alhamis, 14 ga Agusta

Kwana bakwai ni da talabijin. Yau ranar shari'a ce. Rago yana tsare ba beli.

Litinin, 18 ga Agusta

An yi sallama da hantsi. Janareta ne da tafireta a kai, Malama Shiru da kabon, Lauya a gaba. Ɗana yana shirin fita aiki. Lauya ta gaishe shi da ladabi, sannan ta ce, "Baba, mun ji an hana Kaka tsallaka titi ita kaɗai. In a mota ne fa, ai ba ta tsallaka ba ko?" Ya ce haka ne. "Kuma kai kana da mota." Ya ce yana da aiki. Ta ce, "Ranar Asabar?"

Na ji tausayinsa. Na san wannan tarkon.

Sun bar mini tafiretar a kan teburin cin abinci. Na buga hukunci kafin la'asar, matar ɗana tana duba mini hannu kada ya goce, tana dariya tana cewa jakin nan ta san shi, kawunta ne.

Asabar, 23 ga Agusta

Ranar rufe karatun hutu. Iyaye sun cika ɗakin, wasu a tsaye a taga. Malama Shiru ta raba wa yara takardun yabo, wanda ya fi kowa ya karanta littafi ashirin da shida. Sannan aka fito da namu, an ɗinke shi da zare, an yi masa bango da kwali, an buga masa hatimin ɗakin karatu da lamba kamar kowane littafi. Rago ya sa tabarau.

'Yar Mai Faci ce ta karanta shafin farko. Ta yi tuntuɓe a "magatakarda," ta tsaya, ta koma baya, ta haɗa shi gaɓa-gaɓa ta wuce. Wani mutum a bakin ƙofa mai warin roba ya yi ta cewa, "Tawa ce, tawa ce wannan," har aka ce ya yi shiru.

Daga nan aka yi wasan. Lauya ce lauya, wa zai hana ta. Janareta ne rago, an yafa masa farin labule. An ce ya yi kamar yana cin takardar, shi kuwa ya ci da gaske, ta maƙale masa, sai da mai gadi ya kawo ruwa a guje. Jama'a sun ɗauka cikin wasan ne, suka yi ta tafi. An sallami rago bisa hujjar cewa ba a liƙa sanarwar hana cin takarda ba, in ma an liƙa bai iya karatu ba.

Ɗana yana gefena. Ina jin kujerar tana girgiza saboda dariya. A mota ya ce, "Inna, ban taɓa sanin kina da ban dariya ba." Na ce ya kalli hanya.

Laraba, 3 ga Satumba

An yi. Ba zafi. Na ji tsoro, ba wanda ya sani.

Litinin, 22 ga Satumba

Ina gani da na dama. Abubuwan da na gano: ɗana ya yi furfura a gefe, bai faɗa mini ba. Labulen ɗakina da nake yabo shekara biyu mummuna ne. Janareta yana rina gashin baki. Na buɗe farkon wannan littafin na ga rubutuna, na rufe da sauri.

Yau na koma ɗakin karatu da ƙafata, ɗana ya yarda bayan ya sa na karanta masa lambar wata mota daga nesa. Yara sun koma makaranta. Na karanta jarida daga farko har ƙarshe, karo na farko cikin shekara guda da rabi. Ba komai a cikinta. Ban san abin da nake ta kewa ba.

Wajen ƙarfe biyu wata yarinya cikin kayan makaranta ta shigo ta tsaya a gabana tana murmushi, da wawulo a gaba, da tabo a goshi. Na ce, "'Yar wa ce ke?" Ta ce, "Kaka!" Sai da na ji muryar na gane 'Yar Mai Faci ce. Ban taɓa ganin fuskarta ba ashe. Ta wuce zuwa aji uku. Na ce to madalla, ta daina taka mini ƙafa.

Malama Shiru ta ce iyaye suna tambaya ko za a riƙa yi duk Asabar, ba sai an jira hutu ba. Na ce ni ba na harka da yara, amma zan duba.

Akwai wata agwagwa da ake zargi da buga sa hannun ƙarya. Shafi huɗu kawai na yi. Don kada yatsuna su yi tsami ne.